Amsa ga ƙanwata mai karatun kine a Garwa: wai binciken Turawa kan yara masu IMC zai yi aiki a gidajenmu?

Wa'alaikumus salam ƙanwata, ki yi haƙuri saƙonki ya kwana uku ban amsa ba, wlh ba share ki na yi ba, tambayar ce ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba, ga kuran ɗin nan namu kin san halinsa. Bari in maimaita abinda kika tambaya saboda masu karantawa. Kin ce kina shekarar ƙarshe a karatun kine, wato aikin gashi da motsa gaɓoɓi na asibiti, a wajen istaj, wato koyon aiki a asibiti, kina ganin uwaye na kawo yara masu IMC, raunin ƙwaƙwalwa da ke shafar motsin jiki, ana musu tausa ana miƙar musu da gaɓoɓi, bayan wata biyu uku sai uwar ta ɗauke ƙafa, kuma kina son memwar ɗinki, wato binciken kammala karatu, ya zama a kan yaran nan. Sannan kika ce "Anti wai mene ne ergoterapi ɗin nan da kuke yi, kuma binciken da Turawa suka yi a ɗaki mai kilim da kayan wasa na miliyoyi me zai tsinana mana, mu da ko kujerar zaunar da yaro ba mu da ita?"

Wannan ta ƙarshen ita ta zaunar da ni, don ni ma na daɗe da irin tunanin, sai da na fara karanta binciken da kaina na ga ashe abin a juye yake. Abubuwan da bincike ya fi ƙarfafawa a kan yaran nan kusan duk ba sa buƙatar na'ura, waɗanda ke cin kuɗi da lokacin uwa kuwa da dama cikinsu hujjarsu ba ta da ƙwari.

Ergoterapi dai ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Ku 'yan kine idonku na kan tsoka da gaɓa da tafiya, mu namu idon na kan aikin da mutum ke yi daga tashinsa zuwa kwanciyarsa, cin abinci, sa riga, kama ruwa, wasa, riƙe alƙalami, zuwa lekol. Shi yaro wasa ne sana'arsa, da ita ake koya masa komai. A Amurka aka kafa ƙungiyar masu sana'ar a 1917, ta duniya kuma a 1952, to kinga ba sabon abu ba ne, mu ne dai a nan arewa 'yan kaɗan, shi ya sa a Garwa ko Marwa ko Kusseri yawanci ɗan kine ko anfirmiye ne ke tsintar kansa cikin aikinmu ko ya sani ko bai sani ba. Ni ba na cikin masu faɗan iyaka, in kin iya ki yi, yaron ba ruwansa da sunan difilom ɗinki.

Ga waɗanda ba 'yan asibiti ba, IMC rauni ne da ya samu ƙwaƙwalwa tun tana tasowa, a ciki ko wajen haihuwa ko a shekarun farko. Doguwar naƙuda jariri ya fito bai yi kuka ba, bakwaini, shawara mai tsanani a satin farko, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Ba shan inna ba ne, wancan daban, kuma ba ɗan ruwa ba ne dan Allah. Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, jikin ne ke iya ƙara sandarewa yayin da yaron ke girma. A ƙasashe masu arziki yanzu ana lissafa kamar 1.6 cikin kowace haihuwa 1000, amma da aka bi gida gida a gabashin Yuganda, binciken da ya fito a 2017, an samu 2.9 cikin yara 1000, a Bangaladash kuma 3.4. Abinda ya fi taɓa ni a na Yuganda shi ne masu lalura mai tsanani sun yi ƙaranci a cikin manyan yara, ba don sun warke ba, da aka ci gaba da bin su sai aka ga mutuwa suke yi fiye da sauran yara nesa ba kusa ba, musamman masu tamowa. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa wajen maganar abinci.

To ga binciken da nake so ki fara nema. A 2013 wata farfesa 'yar Ostareliya, Iona Novak, ita ma ergoterapi ta karanta, ita da abokan aikinta suka tattaro duk bincike mai inganci da aka yi kan hanyoyin kula da yara masu IMC suka rairaye, hanyoyi 64, sakamako 131 da aka auna, sai suka yi musu kala irin ta danjar kan titi. Kore a yi, ɗorawa a yi amma a dinga aunawa, ja a daina. Kashi 16 cikin 100 kacal suka samu kore, kashi 6 ja, duk sauran ɗorawa. Sun sabunta shi da bayanan 2019, kuma a 2019 ɗin ita da Ingrid Honan suka yi irinsa kan ergoterapin yara gaba ɗaya ba IMC kaɗai ba. In kika duba masu koren da suka shafe mu, ban da na likitoci irin maganin farfaɗiya da allurar sassauta tsoka, za ki ga duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: a zaɓi aiki na zahiri da iyali ke so yaron ya iya, yaron da kansa ya dinga yin aikin, a maimaita da yawa, a wurin da yake rayuwa. Horo kan buri guda, horon hannu biyu, rufe hannu mai lafiya don a tilasta mai rauni, da shirin da uwa ke yi a gida. Shi ke nan fa.

A jan kuma akwai abinda ya tada ƙura, hanyar Bobath, wadda Berta da mijinta Karel Bobath suka fara a Landan tun shekarun 1940, kuma ita aka koya wa yawancin malamanku, da hanyar daidaita jiye-jiyen jiki ta Jean Ayres idan don IMC za a yi ta. Masu Bobath sun yi ta mayar da martani cewa hanyar tasu ta canza ba kamar da ba, kuma ni ma ban ce a zubar da komai ba, yadda ake riƙe yaro da ɗaga shi da zaunar da shi a wurinsu na koya kuma kullum ina amfani da shi. Amma yaro ya kwanta kamar gawa ke kina lanƙwasa shi kina miƙarwa minti talatin a ce wai ana gyara ƙwaƙwalwa, wannan kam a'a. Ƙwaƙwalwa abinda mai ita ya yi da kansa take koyo. Ko miƙar da gaɓa da hannu da muke ta yi, rairayen da Cochrane, ƙungiyar masu tace binciken lafiya, suka yi a 2017 ya nuna in dai na ƴan watanni ne ba ya kawo wani canjin kirki a motsin gaɓar. Tausa tana da daɗi, tana kwantar da yaro, kakanninmu ma suna yi da man shanu ko man kaɗanya, amma tausa ba ta koya wa hannu kai loma baki. Uwar da kika ga ta ɗauke ƙafa ba jahila ba ce, lissafi ta yi, kuɗin kilando zuwa da dawowa, kuɗin zama, ta bar girki ta bar sauran yara ta bar ɗan cinikinta, wata uku ba ta ga abu ɗaya sabo da yaron ya iya ba. Ko ni ce zan daina zuwa.

Bari in ɗan tsaya kan hannu don nan ne na fi sani. Yaron da ɓari ɗaya ya samu rauni tun yana jariri yake gane wancan hannun wahala ne, sai ya watsar da shi kamar ba nasa ba, ko da kuwa akwai sauran ƙarfi a ciki. Wani Ba'amurke Edward Taub ya fara nazarin wannan a kan birai, daga nan aka samo dabarar rufe hannu mai lafiyar, a sa masa safa ko wani abu kamar haka na wasu awoyi a rana na wasu makonni, ana ba shi wasan da dole sai ya miƙa mai raunin. Daga baya Andrew Gordon da mutanensa a Jami'ar Kolombiya ta New York suka ce ai rayuwa da hannu biyu ake yin ta, suka tsara horon da ba a rufe komai sai dai duk wasan da za a ba yaro ya zama wanda hannu ɗaya ba zai iya ba. Da Cochrane suka haɗa gwaje-gwaje 36 a 2019 sai ya fito cewa rufe hannun ya fi ɗan abinda aka saba yi sama-sama, amma bai fi wani horon ba idan awoyin sun zo ɗaya. Ma'ana sirrin ba a safar yake ba, a yawan yi yake. To wa ya fi mu aikin hannu biyu a gida? Ɓarar gyaɗa, ɓare masara, riƙe ƙwarya da ɗaya a dama da ɗaya, wanke allo, buɗe murfin buta, ɗaure zariya, tafin gaɗa, carafke. In za ki gwada rufewar kuma ki tuna zafin Maris da Afrilu da ke haura 40, safar auduga mara kauri, da sassafe ko bayan la'asar, ki duba ƙuraje, kuma sai yaron da yake da ɗan motsi a yatsu ko wuyan hannu, kar wata ta karanta wannan ta je ta ɗaure hannun ɗanta wuni guda yana ihu, ba haka ake yi ba.

Amma akwai inda littafinsu bai san da mu ba, kuma nan ne nake so ki buɗe ido. A wurinsu in hannun dama ne ya samu rauni ba wata matsala, yaro ya zama bahago, daman ta zama mataimakiya, an gama. Mu fa? Da dama ake ci, da ita ake gaisawa, da ita ake karɓa ake bayarwa, hagu ta tsarki ce. An taɓa kawo min wani yaro ɗan shekara shida haka, damarsa ce mai rauni, na gama duba shi ina ta murna hagunsa ta ƙware yana komai da ita, sai na tambayi baban me yake so, ya ce shi abu ɗaya ne, yaron ya sa hannu a tire tare da yayyensa. Ashe kakarsa duk ya miƙa hagu sai ta buge hannun, har ya daina cin abinci cikin mutane, sai ya faki ido ya ci a bayan ɗaki, ya rame. Babu fom ɗin da na zo da shi daga makaranta da ke da gurbin wannan. Hannun zai iya damƙa amma ba zai iya murza loma ba, na gaya musu gaskiya. Muka yi yarjejeniya, za mu yi aiki kan musabaha da dama, da shan kofi da hannu biyu, da cokali da dama, na naɗe ƙotar cokalin da robar tayar keke ta yi kauri, baban kuma ya je ya samu limamin unguwarsu wanda ya zo har gida ya yi wa tsohuwa bayanin hukuncin mai lalura, don ni in na faɗa ba za ta ji ba, yarinya ce ni a wurinta. Bayan wasu watanni shinkafa da cokali da dama, tuwo har yau da hagu kuma ba mai buge shi. Ranar da baban ya zo yana gaya min yaron ya miƙa wa mutane hannu a ƙofar masallaci, yadda yake ba da labarin sai ki ce Makka aka biya masa.

Abinda na yi a nan yana da suna a bincike, ba basirata ba ce. A 1991 Mary Law da abokan aikinta a Kanada suka fitar da wani ma'auni da ake kira COPM, hira ce kawai, ki tambayi iyali ayyukan da suka fi damunsu, su zaɓi har biyar, kowanne su ba shi maki daga 1 zuwa 10 kan yadda yaron ke yin sa da kuma yadda suka gamsu, bayan wani lokaci a sake, in ya motsa da maki 2 ana ɗaukarsa canji na gaske. Uwar da ba ta yi lekol ba in kika ce ta ba da maki sai ta ce "to Alhamdulillahi" kawai, ni ƙwallon dabino goma nake zubawa a tabarma in ce in goma shi ne yadda ɗan maƙwabciya ke yi, ɗebi na ɗanki. Nan take take ganewa. Kuma ki yi hirar da harshen da take mafarki da shi, Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa, in kika yi da Faransanci amsar kunya za ki samu.

Shirin gida shi ma an gwada shi yadda ya kamata. Novak ɗin nan a 2009 ta raba yara 36 ta hanyar ƙuri'a, wasu aka tsara wa iyayensu abin yi a gida wasu suka jira, bayan sati takwas aka ga bambanci a ayyukan da iyayen suka zaɓa, kuma abinda iyayen suka yi bai fi kamar minti 16 a zama ɗaya ba, sau 17 haka a wata. Ki duba fa, rubu'in awa. Amma shirin gida ba shi ne ki miƙa wa uwa takarda mai zanen motsa jiki goma ki ce ta je ta yi ba. Ki ga gidan ko a hoton waya ne, ki san wa ke wuni da yaron, don sau da yawa ba uwar ba ce, yayarsa ce 'yar shekara tara ko kaka ko kishiya, ki cusa horon cikin abinda dama ake yi, lokacin wanka, lokacin ci, lokacin sa kaya, sannan ki dinga bibiya.

Sauran ma'aunai biyu da nake so ki haddace, kuma kyauta ake samunsu har da Faransanci. GMFCS na 1997 daga Kanada, mataki biyar na zama da tafiya, da MACS na 2006 daga Suwidin, mataki biyar na amfani da hannu. Amfaninsu ba don cike takarda ba ne, don ki iya faɗa wa iyaye gaskiya ne. Duk uwa tambayarta ɗaya, yaushe zai yi tafiya. Yaron da ke mataki na 1 ko na 2 zai yi, na 3 da abin dogarawa, na 4 da na 5 kuwa keke ne da kujera, kuma matakin ba ya cika canzawa bayan an wuce shekara biyu. In kika ɓoye wannan kika ce "a ci gaba da zuwa dai" kin tura su yawon masu magani har su sayar da akuya da gona. Faɗa da taushi, ba a zama ɗaya ba, ki bar wa Allah ikonsa a cikin maganarki, amma ki faɗa, sannan ki nuna musu abinda za a iya samu.

Wanda ya fi komai a wurin masu mataki na 4 da na 5 shi ne zama da ci. Na ce zan dawo kan tamowa. Yaron da ba ya iya haɗiya da kyau, a kwantar da shi a cinya kai ya ɗage baya a yi masa ɗura da kunu mai ruwa-ruwa, rabi ya zube rabi ya bi hanyar iska, sai tari sai ciwon haƙarƙari sai rama, a haka muke rasa su. Zaunar da shi a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuya, kunun ya yi kauri, ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, a ƙara mai ko ƙuli a abincin don ɗan kaɗan ɗin da ya shiga ya yi amfani. In yana farfaɗiya kuma wannan na likita ne, ki tura shi, kar ki tsaya. Kujerar da kika ce ba ku da ita kuwa, tun shekarun 1970 wani mai suna Bevill Packer a Zimbabwe ya fara haɗa kayan ɗaki da kwali da takarda da ƙullun fulawa, daga baya aka mayar da dabarar wajen yi wa yara masu IMC kujeru da abin tsayuwa daidai jikinsu. Kwali a kasuwa yake, takardar buhun siminti ta fi jarida ƙarfi, rana kuma Allah ya ba mu har ta yi yawa. Abokan gabarta biyu, gara da damina, sai a yi mata fenti a ɗaga ta daga ƙasa. Kafin a gama ta ma baho da tsumma ko kusurwar ɗaki da matashi suna zaunar da yaro ya ga mutane, ya fi a bar shi a kwance yana kallon rufi. Masu buƙatar takalmi ko ƙarfen ƙafa ko keke akwai wurare, cibiyar Betlehem ta Muda kusa da Marwa, ta Kabalaye a Njamena, ta Mundu, da babbar cibiyar Kardinal Leje a Yawunde.

Inda na yarda da ke ɗari bisa ɗari shi ne gwaje-gwajen auna girman yaro da ake shigo da su a akwati. A ba ɗan ƙauye almakashi ko a ce ya jera guntayen hoto ko ya sa maɓalli, abinda bai taɓa gani ba, ya kasa a rubuta yana baya, alhali yaron nan yana kora awaki yana ɗaure tunkiya. Zanen aro ba ya rufe katara. Ka'idar koyo ɗaya ce ko ina, amma ma'auni da kayan aiki dole a ɗinka namu, kuma wannan aikin ba Bature ne zai zo ya yi mana ba.

Sai maganar yadda ake koyar da ku, tunda kin ce ba a taɓa nuna muku ko ɗaya cikin waɗannan ba. Ban yi mamaki ba kuma ba na zagin malamanku, abinda aka ba su suke bayarwa. Akwai lissafin da ake yawan ambata cewa sakamakon bincike kan ɗauki kamar shekara 17 kafin ya isa wurin mara lafiya, wannan a Amurka ke nan, mu ga ƙarin katangar harshe, binciken da Ingilishi yake fitowa mu da Faransanci muke karatu, sai malami ya karanto kaye ɗinsa na shekara ashirin ku rubuta ku haddace ku mayar masa ranar jarrabawa. A wata makaranta da na taɓa taimakawa da koyarwa na samu ɗalibai suna jero min sunayen tsokokin hannu kamar karatun allo, na kawo uwa da ɗanta na ce a tambaye ta me ke damunta, aka yi tsit, ɗaya ya fara da tambayar ranar haihuwa. Su ma masu binciken koyar da aikin lafiya sun daɗe da gano wannan ciwon. Jami'ar McMaster a Kanada tun 1969 ta fara koyar da ɗaliban likita ta hanyar ba su matsalar mara lafiya su nemo ilimin da kansu, Ronald Harden kuma a Dandi ta Sikotland ya bayyana a 1975 jarrabawar da ɗalibi ke zagaya tasha tasha ana kallon hannunsa yana yi ba bakinsa yana faɗa ba. Ƙungiyarmu ta duniya ba ta amincewa da makarantar ergoterapi sai ɗalibi ya yi aƙalla awa 1000 a wurin aiki. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar kuran. Ku ɗalibai ma kuna iya yi wa kanku, ku huɗu ku biyar duk sati ku ɗauki takarda ɗaya ku karanta, wanda ya fi jin Ingilishi ya fassara, ku tambayi kanku yara nawa aka gwada, an yi ƙuri'a ko zaɓa aka yi, wanda ya auna ya san rukunin da yaro yake ko bai sani ba, kuma yaran sun yi kama da namu. PEDro, rumbun bincike na intanet, kyauta ne kuma don 'yan kine aka yi shi, yana ma ba kowane gwaji maki, Cochrane na da taƙaitawa da Faransanci, PubMed, wani rumbun binciken lafiyar, shi ma yana nan, sannan ki tambayi mai kula da laburarenku ko makarantar ta yi rajistar Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 don ƙasashe irin namu su karanta mujallun da ake saya.

Memwar ɗin kuma, roƙona ɗaya, kar ki yi mana wani "sani da ɗabi'a da aikin iyaye" ɗin nan da kowa ke yi, a raba takarda ɗari a zana da'ira mai kala a ce kashi kaza ba su sani ba a ajiye a kabad. Kuma kar ki ce za ki yi babban gwaji mai ƙuri'a, ba ki da yaran ba ki da watannin. Ɗauki yara huɗu zuwa shida, kowanne shi ne ma'aunin kansa. Buri ɗaya ko biyu da iyali suka zaɓa, ki auna sau uku ko fiye kafin ki fara komai don a ga inda yake tsaye, sannan shirin gida na sati takwas kina aunawa duk sati, ki ɗauki bidiyon aikin da waya ki ba wata abokiyar karatunki ta ba da maki ba tare da ta san wanne ne na farko wanne ne na ƙarshe ba. In kika jinkirta farawar wasu yaran da sati ɗaya ko biyu ma ya fi, don kar a ce ai girma ne kawai ya kawo canjin. Wannan tsari ne da aka sani aka yarda da shi a bincike, ba ƙaramin abu ba ne. Ki rubuta har wanda bai ci gaba ba da wanda ya daina da dalilinsa, damina ce ko haihuwa ko mai gida ne ya hana, wlh wannan shafin zai fi sauran amfani. In kuma kin fi son hira, ki zauna da uwaye da kakanni ki tattaro abinda ake sa ran yaro ya iya a shekara uku da biyar da bakwai a gidan Bahaushe da na Bafulatani, tsuguno a masai, riƙe buta, cin tuwo, aike, goyon ƙani, wannan jerin shi ne tushen ma'aunin da ba mu da shi.

Kafin ki taɓa yaro ko ɗaya ki samu izinin kwamitin ɗa'a ta hannun mai duba aikinki, ki nemi yardar uba da uwa duka da harshensu, a nan in uba bai sani ba aikinki zai tsaya a sati na biyu, ki gaya musu suna iya fita duk lokacin da suka so kuma ba zai shafi kulawar da ake ba ɗansu ba. Bidiyon yaran mutane kuma ba na status ba ne ba na gurup ɗin aji ba, ko fuska a rufe. Ki rubuta tambayar bincikenki a jimla ɗaya, wane yara, wane aiki, sati nawa, da me za ki auna, ki turo min in gani kafin ki kai wa malaminki, ki haɗo da matakin GMFCS da MACS na yaran da kike gani a istaj yanzu don mu san waɗanda za su dace.